Ku bar mana ƙwallonmu, tikitin caca ne ke cin yaranku

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin manya a garin nan na Jos, wai yaro ya gama jami'a da digirinsa a hannu amma kullum yana gidan kallo yana ihu a kan turawan da ko sanin da zamansa basu yi ba. Zaka ji ta a majalisa, zaka ji ta a wa'azin bayan magariba, in mata sun haɗu gidan suna ma ita ce. Ni ina cikin waɗanda ake nufi. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, kuma har gobe in Arsenal na fili hankalina yana can. Masu maganar nan iyayenmu ne, na san tausayi ne yake sa su faɗa, amma gaskiya ban yarda da su ba. Lallai akwai abin da yake cin yaran nan a gidan kallo, wallahi akwai, sai dai ba ƙwallon bane.

Bari mu fara duba me ake nufi da "ya gama jami'a" a Najeriyar yau, don da yawa cikin manyanmu lissafin zamaninsu suke yi, lokacin da mutum zai fito makaranta aiki na jiransa. Wanda ya shiga kos ɗin shekara huɗu wajen 2018 ko 2019 a jami'ar tarayya, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci masa wata tara ga kullen korona a kai, ya dawo bai gama daidaita zama ba aka sake tafiya wani a 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Shekara huɗu ta koma shida. Ya rubuta jarabawar ƙarshe, abokai sun cika masa farar riga da rubutu, an yi hotuna an watsa a Facebook, kowa a gida ya ɗauka shikenan. Alhali yanzu aka fara jira. A jira sakamako ya fito, a jira a gama kiliyarans, a jira sunanka ya shiga jerin masu tafiya bautar ƙasa, wani sai an ce akwai matsala a lambarsa ta JAMB ya koma baya. In Allah ya taimaka ya tafi sansani sati uku, a nan Filato Mangu ne, sai shekara ɗaya yana karɓar alawi, da dubu 33 ne yanzu ya koma dubu 77, ranar da ya karɓi takardar sallama kuma ranar alawin ya tsaya. Daga nan sai neman aiki, inda za a ce ana son wanda bai wuce shekara 26 ko 27 ba kuma mai gogewar aiki, to a ina zai samo gogewar, kuma wa ya cinye masa shekarun? Maganar sayar da guraben aikin gwamnati kuwa ba jita-jitar majalisa bace kawai, har majalisar wakilai sai da ta kafa kwamitin bincike a kanta a 2023.

Abin da mutane basa lura da shi shine yadda wannan jiran yake lalata wa mutum lokaci. A makaranta kana da lakca ƙarfe takwas, kana da tes, kana da furojet, kana da abokan da kuke cin abinci tare, kwatsam rana ɗaya duk an ɗauke. Sai ka wayi gari baka san yau Talata ce ko Alhamis ba don duk ɗaya ne a wajenka. Ƙannenka su shirya su tafi makaranta, kai da aka kashe wa kuɗi kana kwance, ka fito karyawa kana jin nauyin Umma ko da bata ce maka komai ba. Ka bi layi duk wanda kuka gaisa sai ya ce ya maganar aiki, da kyakkyawar niyya yake tambaya amma kai ka san yadda take sukarka. Na ga samari masu hankali sun daina zuwa ɗaurin aure sabida wannan tambayar kaɗai.

To a irin wannan halin ƙwallo take riƙe mutum. Tana dawo masa da kwanaki, Asabar da Lahadi firimiya, Talata da Laraba kofin zakarun Turai, daga Agusta har Mayu akwai abin da yake sa rai a kai. Tana fitar da shi daga ɗaki. A gidan kallo ba wanda zai tambaye shi maganar aiki, ba wanda ya damu ko mai digiri ne ko mai faci, bencin ɗaya ne kuɗin shiga ɗaya ne, kuma in ya yi magana a kan canjin da koci ya yi ana saurarensa ana musu da shi. Wanda bai taɓa zama shekara guda ba wanda ya nemi ra'ayinsa a kan komai ba zai gane darajar wannan ba. Ni sabida Kanu na fara son Arsenal kamar dubban 'yan Najeriya, mun tashi ana bamu labarin ƙwallo ukun da ya zura wa Chelsea a 1999 da kakar 2003 zuwa 2004 da aka gama ba a ci su ko sau ɗaya ba a lig, sannan muka zauna sama da shekara ashirin muna jiran kofin ya dawo. Kuma bamu canja kulob ba. Yaron da zai iya riƙe abu haka ana masa dariya duk sati bai saki ba, ni ban ga dalilin da za a kira shi marar alƙibla ba.

Kuma dan Allah a daina yi kamar son ƙwallo wata baƙuwar cuta ce da dish ya kawo mana Jos. Garin nan garin ƙwallo ne tun kafin a haife mu. Mighty Jets ce ta fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972. Baban da yake faɗa yau, ka zaunar da shi ka ambaci tsohon ɗan wasan nan Sam Garba ka ga yadda fuskarsa za ta canja. Marigayi Ismaila Mabo ɗan garin nan ne, shi ya kai Super Falcons zagayen kwata fainal a kofin duniya na mata a 1999. Mikel Obi a nan aka haife shi, ya ɗaga kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012 ya ɗaga na Afirka a 2013. Ahmed Musa a filayen garin nan ya taso kafin ya je Kano Pillars, shi ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018. Moses Simon ma ɗan Jos ne. Plateau United ta ci kofin ƙalubale a 1999 ta ci lig a 2017. Mu gado muka yi.

Akwai kuma abin da ƙwallo ta yi wa garin nan wanda taron zaman lafiya da yawa basu yi ba. Duk wanda ya san Jos bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda unguwanni suka rabu, wannan ba ya shiga can wancan ba ya shigowa nan, yara sun girma basu da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Jami'a da bautar ƙasa ne suka fara haɗa da yawanmu, bayan an watse kuma abin da ya riƙe zumuncin shine ƙwallo. Guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinmu zai yi shiru sati guda, Man U na shan kashi zai tashi, ɗan Anguwan Rogo da ɗan Anguwan Rukuba suna tsokanar juna har tsakar dare. Ba ƙaramin abu bane wannan a garin da ya sha abin da muka sha. Shiyasa ma masu son ganin bayan garin suka taɓa kai hari wajen kallon ƙwallo, irin na daren wasan ƙarshe na zakarun Turai a Mayun 2014, kuma mutane basu daina zuwa ba.

Yanzu ga inda ciwon yake. Duk wanda ya daɗe yana zuwa gidan kallo ya san cewa wajen ya canja. Da in an ci ƙwallo rabin ɗaki ne zai tashi da ihu rabi ya yi tsit, ka san waye naka waye ba naka ba. Yanzu zaka ga mutum sanye da rigar Chelsea, an ci Chelsea, ya yi tsalle yana murna sabida ya saka kuɗi a caca cewa za a ci ƙwallo sama da biyu a wasan. Zaka ga layi guda na samari talabijin na gabansu amma idonsu na kan waya, suna bin sakamakon wani wasa a rukuni na biyu na wata ƙasar da ko a taswira ba za su nuna maka ita ba. Hirar ma ta canja, ba a maganar wa ya buga da kyau, sai turo min kod (wato lambar tikitin cacar da wani ya haɗa), od nawa ne (wato ninkin kuɗin da za a biya ka in ka ci), tikiti na ya yanke, wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata min. Wannan "wasa ɗaya ne ya ɓata min" ɗin na ji ta har na gaji, kuma duk wanda ya faɗe ta gobe zai koma. Mafi muni ma shine wanda kwamfuta ke bugawa, wasan da babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, duk 'yan mintuna an gama an sake sabo, mutum zai tsaya a shago tun hantsi har la'asar. Wannan me ya haɗa shi da son ƙwallo?

Kuma abin takaici masu digiri sun fi saurin faɗawa, don su basa kiransa caca. Za su ce maka ai nazari suke yi, sun san wa ya ji rauni, sun san tarihin haɗuwar ƙungiyoyin, ilimi ne ba sa'a ba. To tunda ilimi ne mu yi lissafin da aka koya mana tun sakandare. A ce duk wasan da ka zaɓa kana da tabbacin kashi 80 cikin 100 zai zo yadda ka ce, wanda ba ƙaramin tabbaci bane a ƙwallo. Ka jera wasa goma a tikiti ɗaya, damar duk su zo bata kai kashi 11 ba. Ka jera ashirin don naira ɗari biyunka ta zama miliyan, ta koma kusan kashi ɗaya. Sannan kamfanin ya riga ya cire rabonsa a cikin kowane od kafin ya nuna maka, duk wasan da ka ƙara rabonsa ne yake ƙaruwa, shiyasa suke baka garaɓasa in ka tsawaita tikiti. Ba ƙaunarka suke ba. Wasa ɗayan da yake ɓata maka kullum ba tsautsayi bane, a kansa aka gina sana'ar gaba ɗaya. Kuma in da sani na hana mamaki a ƙwallo da Leicester bata ɗauki firimiya a 2016 ba, da Saudiyya bata doke Ajantina a Qatar ba.

Na san wanda alawinsa ba ya kwana uku. Na san wanda aka haɗa wa jarin POS a gida, kuɗin kwastomomi da nasa duk suka bi ta nan, ya shiga cin bashi a manhajojin waya masu tura wa duk lambobin da ke wayarka saƙon cin mutunci in ka yi jinkiri, yanzu ko unguwar ba ya iya zama. Irin waɗannan ba a gidan kallo suka lalace ba, a cikin ɗakinsu ne ƙarfe biyun dare da waya a hannu. Kuma a gida abin da aka sani kawai shine yaro ya cika son ƙwallo, sai a hana shi fita kallo, an raba shi da mutane an bar shi da wayar.

Hukuncin addini a kan wannan a fili yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya waje ɗaya ta ce ƙazanta ne daga aikin shaiɗan a nisance su, kuma ban taɓa jin wani fasto a garin nan ya yaba ta ba. Roƙona ga malamanmu shine su rarrabe. In aka hau mumbari aka haɗa mai kallo da mai caca aka yi musu kuɗin goro, mai kallon zai ji an zalunce shi ya toshe kunne, mai cacar kuma ya samu inda zai ɓuya. A kira abin da sunansa, a yi bayanin yadda yake aiki, a faɗa wa wanda ya riga ya faɗa ciki cewa akwai hanyar fita ba tsinuwa kawai ba.

Ban ce mu masu kallo bamu da laifi ba. Wasan yamma yana cin magariba, wasu sai su haɗa da isha'i sabida kar a ci basa nan, wannan ba daidai bane kuma ba wani uzuri. Akwai zage-zage, akwai waɗanda musu ke kai su ga dambe a kan Messi da Ronaldo. Amma waɗannan gyaran tarbiyya suke so, kuma ana gyara su, na san gidajen kallon da ake fita sallah a dawo. Maganar cewa ƙwallo bata baka abinci kuma, to zaman shayi da musun siyasa ma basa bayarwa, ba wanda ya ce a daina. Yawancin waɗanda nake zama da su a benci ba zaman kashe wando suke ba, wani yana koyarwa a makarantar kuɗi ana biyansa abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ba, wani yana jan keke, wani gyaran waya, wani tun asuba yana Farin Gada wajen kayan gwari, da digirinsu. Minti casa'in ɗin nan shine hutunsu na sati.

Can inda ake buga ƙwallon da muke kallo sun fara farga. Cikin 'yan wasan firimiya an dakatar da Ivan Toney wata takwas a 2023, an dakatar da Sandro Tonali wata goma duk a kan caca, kuma ƙungiyoyin firimiya da kansu suka amince a 2023 cewa za su cire tallan kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. Mu a nan tallan yana ko'ina, a allon kan titi, a rediyo, a tsakiyar wasa, a bakin mawaƙa da 'yan barkwancin da yara ke bi. A Nuwamban 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne ba na tarayya ba, kenan gwamnatin Filato da majalisar jiha basu da wanda za su jingina wa. Na san nan ba Kano bace da Hisbah za ta bi shaguna ta rufe, jiha ce mai addinai da ƙabilu da yawa, amma ba sai an yi shari'a ba kafin a hana yaro ɗan shekara sha biyar shiga shagon caca da kayan makaranta a jikinsa, ko a hana buɗe shago a bakin ƙofar makaranta da hostel, ko a taƙaita talla. A kan wannan Musulmi da Kirista bakinsu zai zo ɗaya in an tambaye su. Rufe shago kaɗai ba zai isa ba tunda abin ya koma waya, amma aƙalla a daina nuna wa yaro cewa sana'a ce kamar kowace.

Iyaye kuma in kuna son gane halin da ɗanku yake ciki ba sai kun hana shi kallo ba. Mai son ƙwallo in an ci ƙungiyarsa zai dawo rai a ɓace, gobe ya ware. Wanda ya faɗa caca zai dawo a birkice ranar da ƙungiyarsa ta yi nasara, zai damu da wasannin da ba ruwansa da su, kuɗi basa zama a hannunsa, wayarsa yau tana nan gobe an ce tana wajen gyara. Baba ka zauna ka kalli wasa ɗaya da shi, zaka gane cikin rabin lokaci, kuma ta nan hirar da ya kasa yi da kai za ta iya buɗewa.

Sauran aikin namu ne, mu da muke cewa muna son wasan. Mu ne muke tura kod a guruf, mu ne muke taya wanda ya ci dubu hamsin murna bamu tambaye shi nawa ya zubar kafin nan ba. A daina. Masu gidajen kallo ma, na san man janareta ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023 ga kuɗin dish, amma barin wakilin kamfanin caca ya kafa tebur a bakin ƙofarku cin amanar yaran unguwa ne, gara ku ƙara naira hamsin a kuɗin shiga za mu biya. Kuma kuɗin da ake zubarwa a tikiti ya isa kuɗin mota da na shiga filin Zariya Road a kalli Plateau United ido da ido. Na san matsalolin gasarmu, alƙalanci, bashin albashin 'yan wasa, fili ba kyau, amma Ahmed Musa da ya buga a Rasha da Ingila ya dawo ya saka rigar Kano Pillars, mu me zai hana mu zuwa mu zauna mu kalla? Cikinmu akwai wanda ya karanta aikin jarida zai iya sharhin wasannin gida da Hausa a waya, akwai wanda ya karanta lissafi zai iya tattara alƙaluman 'yan wasa, akwai ƙungiyoyin unguwa a Gangare da Rikkos da Bukuru da yara ke atisaye kullum ba mai rubuta musu ko sunayensu balle ya ɗauki bidiyon da za a tura wani waje. Ba lallai ya kawo kuɗi a shekarar farko ba, amma aiki ne da za a iya nunawa, kuma mu muka fi kowa sanin yadda ake yinsa.